Salansa ɗaya ko biyu: me ke ƙara wa motar gudu ƙarfi?

A titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram, ana yawan shaida motar gudu da abin da ke bayanta: bakin salansa biyu ko huɗu masu ƙyalli, da ƙara mai girgiza ƙirji. Wannan ya sa matasa da dama, da zarar sun sayi mota, sai su nufi wurin mai walda domin a mayar musu da salansa ɗaya ta zama biyu, da tunanin cewa motar za ta ƙara gudu. Wani lokaci tana ƙarawa. Sau da yawa kuma kuɗi ne ke tafiya, motar ta ƙara nauyi da hayaniya, ƙarfinta yana nan inda yake, ko ma ya ragu. Abin da ke yanke hukunci shi ne ginin injin da yawan hayaƙin da yake fitarwa. Yawan bakin da ake gani a baya ba ya cikin lissafin.

Aikin da salansa ke yi

Abin da ake kira salansa a garaji hanya ce mai sassa da yawa. Tana farawa daga jikin inji, inda kowace silinda ke da ɗan bututunta, sannan ƙananan bututun su haɗu. Daga nan hayaƙi ya ratsa tukunyar tace guba, wadda makanikai ke kira katalizar, ya bi dogon bututu a ƙarƙashin mota, ya shiga tukunyar rage ƙara, sannan ya fita ta bakin da ke baya.

Injin mota mai aiki da fetur yana tafiya ne a kan matakai huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, ya ƙona su, ya fitar da hayaƙi. Kowace silinda tana yin wannan zagaye sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. Idan hayaƙin da ya ƙone bai fita da sauri ba, sabuwar iska ba za ta samu isasshen wuri ba, kuma ƙarfin inji ya dogara ne a kan yawan iskar da yake iya shaƙa.

Lissafi mai sauƙi yana nuna bambancin da ke tsakanin injuna. Inji mai lita 5 da ke juyi 6,000 a minti ɗaya yana shaƙar kusan lita 15,000 na iska a wannan mintin. Inji mai lita 1.6 a irin wannan juyin yana shaƙar kusan lita 4,800. Bayan ƙonewa, hayaƙin yana fitowa da zafin da kan kai digiri 800 ko fiye idan ana taka mota sosai, kuma zafi yana kumbura iska ta ninka girmanta wajen sau uku. Saboda haka babban inji yana buƙatar hanya mai faɗi fiye da ƙarami, nesa ba kusa ba.

Salansa biyu ta gaske da ta ado

Salansa ɗaya ita ce wadda hayaƙin dukkan silindodi ke haɗuwa ya bi bututu guda har baya. Salansa biyu ta gaske ita ce wadda ke da hanyoyi biyu tun daga inji har baya, kowace da bututunta, kuma galibi kowace da katalizarta da tukunyar rage ƙararta. Ana samun irin wannan ne a injunan da silindodinsu suka kasu jere biyu, kamar V6 da V8, inda kowane jere ke da ɓangarensa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai tsarin da ya fi yawa a kan hanya: bututu ɗaya ne a ƙarƙashin mota, sai a kusa da baya ya rabu gida biyu. Wanda ya tsaya a bayan motar zai ga baki biyu, wanda ya leƙa ƙarƙashinta zai ga hanya guda. Toyota GT86 da ƴar uwarta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012 da inji mai lita 2 da ƙarfin doki 200, haka suke. Honda S2000 ta 1999, wadda injinta ke kai juyi 9,000 a minti, ita ma bututu ɗaya ne ya rabu zuwa tukwane biyu a baya. Nissan 350Z tana da injin V6 mai lita 3.5, amma bututunta biyu suna haɗuwa su zama ɗaya a tsakiyar mota kafin su sake rabuwa. Nissan GT-R da ta fito a 2007 tana da baki huɗu a baya, duk da haka hayaƙinta yana ratsa bututu guda a tsakiya.

A shekarun baya-bayan nan wasu kamfanoni sun wuce nan: suna liƙa bakin ƙarfe ko roba a jikin bamba don ado kawai, ainihin bututun yana ɓoye yana kallon ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙirga baki ba ya gaya wa mai saye komai game da ƙarfin mota.

Faɗin hanya, ba yawanta ba

Abin da hayaƙi ya sani shi ne faɗin hanyar da zai bi. Bututu mai kaurin milimita 63.5 yana da faɗin rami na kusan santimita murabba'i 32. Guda biyu sun ba da kusan 63. Bututu ɗaya mai milimita 76 yana da kusan 45, mai milimita 89 kuma yana da kusan 62. Ke nan bututu ɗaya mai milimita 89 yana ɗaukar hayaƙi daidai da guda biyu masu milimita 63.5. Har ma ya ɗan fi su, domin bututu biyu suna da bango mai yawa da hayaƙi ke goga, suna kuma cin ƙarfe fiye da guda ɗaya.

To me ya sa ake yin biyu? Babban dalili shi ne wuri. Motar gudu tana kusa da ƙasa, kuma a tsakiyarta akwai giya da sandan da ke kai juyi zuwa tayoyin baya. Bututu mai milimita 89 ba ya samun wurin wucewa ba tare da ya sauko ƙasa sosai ba. Ƙanana biyu kuwa suna bin gefe da gefe cikin sauƙi. Dalili na biyu shi ne injin V da kansa yana fitar da hayaƙi ta ɓangarori biyu, don haka barin kowane ɓangare ya kama hanyarsa ya fi sauƙi a kan tilasta musu haɗuwa.

Akwai wata magana da ta yaɗu a garaji-garaji cewa inji yana buƙatar a ɗan toshe masa hanya domin ya yi ƙarfi. Inji ba ya amfana da toshiya. Abin da yake buƙata shi ne hayaƙi ya riƙa gudu da sauri a cikin bututu. Hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kowace silinda da nata. A juyi 6,000, inji mai silinda huɗu yana sakin bugu 200 a daƙiƙa ɗaya, mai silinda takwas kuma 400. Kowane bugu da ya wuce da sauri yana barin wani ɗan gurbi a bayansa, wannan gurbin kuma yana zuƙo hayaƙin silindar da ke biye, har ya taimaka wajen jawo sabuwar iska. Idan bututu ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙi sai ya rage gudu, ya huce, wannan zuƙowar ta yi rauni. A nan ne mai ƙaramar mota da ya sa manyan bututu biyu yake jin motarsa ta yi nauyi wajen tashi daga danja, duk da ƙarar da take yi.

Inda salansa biyu ke da amfani

Gidan salansa biyu shi ne manyan injunan V8 na Amurka. Ford Mustang ta fito a watan Afrilu na 1964. A 1965 injinta mai lita 4.7 yana zuwa kala-kala: na ƙasa mai doki 200 da salansa ɗaya, na ƙoli mai doki 271 da salansa biyu. Ba salansar ce ta kawo dukkan bambancin ba, domin kafireta da kayan cikin injin ma sun bambanta. Amma da aka ƙara wa injin numfashi, dole aka faɗaɗa masa hanyar fitar hayaƙi. Mustang GT ta yau, mai lita 5, har yanzu bututu biyu take amfani da su.

Tarihin Chevrolet Corvette ya nuna abin da ke faruwa idan aka matse babban inji. A 1975 dokokin tsabtar iska na Amurka suka sa aka fara saka katalizar a yawancin sababbin motoci. Corvette ta wannan shekarar ta rasa salansarta biyu ta gaske: aka haɗa ɓangarorin biyu suka ratsa katalizar guda, sannan suka rabu a baya. Ƙarfin injinta na ƙasa ya sauko daga doki 195 a 1974 zuwa 165 a 1975. Akwai wasu sauye-sauyen da aka yi wa injin a lokacin, amma katalizar farko-farko tana toshe hanya ƙwarai. Ta zamanin yanzu, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, tana barin hayaƙi ya wuce cikin sauƙi, kuma motoci masu doki 500 da 600 suna fitowa da ita daga kamfani.

Ko a V8 ɗin ma, raba hanyoyin gaba ɗaya ba shi ne ya fi ba. A yawancin V8 na Amurka, silindodin jere ɗaya ba sa tashi a tazara iri ɗaya: wani lokaci biyu na gefe guda suna tashi a jere, ɗaya bayan ɗaya, sai bututun wannan gefen ya cika, na ɗaya gefen yana hutawa. Wannan rashin daidaiton ne ke ba V8 gurnaninsa da aka san shi da shi. Don a rage matsin, ana haɗa bututun biyu a tsakiya da ɗan gajeren bututu mai siffar H, ko a gitta su kamar X, yadda kowane ɓangare zai ari hanyar ɗan uwansa. Siffar H tana ba da murya mai zurfi, siffar X kuma murya mai kaifi da ɗan ƙarin sauƙin numfashi a babban juyi. Motar tseren Ford GT40, wadda ta ci gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, ta magance matsalar ta hanyar ƙetarar da wasu ƙananan bututu daga wannan jere zuwa wancan, har suka yi kama da tarin macizai a kan inji.

Ferrari kuwa tana gina V8 ɗinta ta yadda silindodin kowane jere ke tashi a tazara daidai, kamar injuna biyu masu silinda huɗu da aka haɗa. Shi ya sa muryarta take da kaifi. Ford ta bi wannan hanya a Mustang Shelby GT350 ta 2015 mai doki 526, Chevrolet ma haka a Corvette Z06 ta 2023 mai doki 670.

Inda ɗaya ta wadatar

Inji mai silinda huɗu a jere ɗaya yana fitar da hayaƙinsa ta gefe guda, kuma bugunsa huɗu suna taimakon juna ne idan sun haɗu a bututu ɗaya. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 da inji mai lita 1.6 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, salansa ɗaya aka yi mata, kuma ita ce ƙaramar motar gudu mai buɗaɗɗen rufi da aka fi sayarwa a duniya. A irin wannan motar kowane kilo yana da muhimmanci. Ƙarin bututu, ƙarin tukunya da ƙarin maratayi nauyi ne da injin zai riƙa ja ba tare da ya samu komai ba.

Haka abin yake a inji mai turbo guda. Turbo injin fanka ne da hayaƙi ke juyawa domin ya cusa ƙarin iska cikin inji. Dukkan hayaƙin yana haɗuwa a cikinsa ya fito ta ƙofa ɗaya. Bayan turbo, abin da ake so kawai shi ne hanya mai faɗi, gajera, marar lanƙwasa da yawa. Raba ta biyu ba ya ƙara komai sai dai idan wuri ne ya tilasta. Toyota Supra ta 1993, wadda masu gyaran motoci suka daɗe suna ninka ƙarfin injinta, baki ɗaya babba take da shi a baya.

Misali mafi ƙarfi yana filin tsere. A 2014 gasar Formula 1 ta koma injin V6 mai lita 1.6 da turbo guda, dokar gasar kuma ta ce babban bututun hayaƙi ya zama ɗaya, a tsakiyar baya. Kafin nan motocin V8 suna da biyu. Motocin da suka biyo baya, masu bututu ɗayan, sun karya tarihin gudu a filaye da yawa.

Batun ƙara

Yawancin masu sauya salansa ƙara suke nema, ko da sun ce ƙarfi. Ƙara kuwa tukunyar baya ce ke sarrafa ta, tare da katalizar da turbo, waɗanda su ma suna rage ta. Ana iya samun salansa biyu mai shiru da salansa ɗaya mai tayar da unguwa. Kunne yana ruɗar direba: mota mai ƙara tana sa a ji kamar ta fi gudu, ko da agogo bai nuna haka ba.

A Turai dokar Tarayyar Turai ta 2014 tana rage iyakar ƙarar sababbin motoci mataki-mataki, har zuwa desibel 68 ga motocin yau da kullum, da ɗan sassauci ga masu ƙarfi sosai. Don haka kamfanoni suke saka wata ƙofa a cikin salansa, wadda ke rufewa a cikin gari ta buɗe idan an taka mota sosai. Idan aka yanke tukunyar aka sa bututu tsirara, wannan dabarar ta tafi. Sai a samu wani gurnani mai ɗorewa a cikin mota a kan doguwar hanya, wanda ke gajiyar da direba. Daɗewa a cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yana lalata ji sannu a hankali. Ga kuma maƙwabta, marasa lafiya da masu barci, waɗanda ba su zaɓi wannan ƙarar ba.

Abin lura a hanyoyin Nijar

Yawancin motocin da ke shigowa Nijar na hannu ne, daga Turai, Amurka da ƙasashen Larabawa, ta tasoshin ruwan ƙasashen gaɓar teku. An ƙera motocin gudun da ke cikinsu ne domin kwalta mai santsi. A nan kuwa akwai tudun rage gudu, ramuka, rairayi da ruwan damina da ke kwanciya a kan titi. Bututu na biyu da aka ƙara da hannu sau da yawa yana sauka ƙasa fiye da na asali, domin kamfani bai bar masa wuri ba. Shi ne zai fara bugun ƙasa.

Hatsarin da ya fi wannan shi ne zafi. A motar da aka ƙera da salansa ɗaya, ɗaya gefen na ƙarƙashi yakan zama wurin tankin mai, bututun mai ko na birki. Ratsa bututu mai zafi ta wurin ba tare da farantin kare zafi ba wasa ne da gobara, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin rana ke wuce digiri 40. Katalizar ma tana aiki ne da zafin ɗaruruwan digiri, kuma tsayar da mota mai ƙasa-ƙasa a kan busasshiyar ciyawa yana iya tayar da wuta.

Sai walda. Kowace mahaɗa da aka ƙara wuri ne da hayaƙi zai iya yoyo. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Idan ta shiga cikin mota mai rufaffen gilashi tana kawo ciwon kai, jiri da barci, kuma tana kisa.

Katalizar ita ce ke mayar da wannan iskar da wasu gubobin su zama marasa illa sosai. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinom, faladiyom da rodiyom, shi ya sa ake cire ta a sayar, wani lokaci tun kafin mota ta iso hannun mai ita. A da ana kafa hujja da cewa fetur mai dalma yana kashe ta, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan man tun farkon 2006. A gaban katalizar da bayanta akwai na'urorin auna iskar oksijin, waɗanda kwamfutar mota ke dogara da su wajen haɗa kusan kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai. Idan aka sauya bututu aka matsar da na'urar gaba daga wurinta, ko mahaɗar da ke kusa da ita ta riƙa shan iska, kwamfutar za ta samu labarin ƙarya. Fitilar inji ta kunnu, mota ta ƙara shan mai.

Kafin a kashe kuɗi

Mai sayen motar gudu ya sa a ɗaga ta, ko ya shiga ramin garaji, ya bi bututun da ido daga inji har baya. A nan zai ga ko ɗaya ne ko biyu, ko katalizar tana nan, ko an yanke an yi sabuwar walda, da kuma ko na'urorin auna iska suna haɗe da wayoyinsu.

Mai inji mai silinda huɗu, da turbo ko babu, salansa ɗaya mai kaurin da ya dace ta ishe shi. Mai V6 da ba a taɓa injinsa ba zai iya barin ta yadda kamfani ya yi. Mai V8, ko wanda aka ƙara wa injinsa ƙarfi sosai, shi ne zai amfana da biyu ta gaske, tare da mahaɗar H ko X a tsakiya, da katalizar a kowane ɓangare. A injin da ba a yi wa wani gyara ba, sauya ɓangaren baya na salansa kaɗai ba ya ƙara abin da ya wuce doki kaɗan, wanda direba ba zai ji a ƙafarsa ba.

A ƙasa mai ƙura irin Nijar, matatar iskar da ta toshe tana rage wa inji numfashi tun daga ƙofar shiga. Sabunta ta, sauya fulogi a kan lokaci, zuba man inji mai kyau da saka tayoyi masu inganci sun fi araha a kan bututu na biyu, kuma su ne suka fi dawo wa mota da ƙarfin da ta fito da shi daga kamfani.